Tansiyo na hawa a gaban likita: kurakuran da aka fi yi

Akwai wanda jininsa lafiya lau yake a gida, amma da zarar malamin asibiti ya ɗaura masa abin awo a dantse sai a ga tansiyonsa ya hau zuwa 15/9 ko 16/10 (wato 150/90 ko 160/100). Fargaba ce ke sa zuciya saurin bugawa, jijiyoyi su tsuke. Babban kuskure shi ne yanke hukunci da awo ɗaya.

Yawancin ɓarnar tun kafin awon ake yin ta. Mutum ya sha shayi mai kauri ko ya ci goro, ya hau kabu-kabu cikin ranar Maradi, ya yi tsaye a layi yana riƙe da fitsari, ana kiran sunansa ya miƙa hannu yana haki. A bar goro, shayi, Nescafé da taba minti 30 kafin awo. A yi fitsari. A zauna minti 5, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu bisa tebur daidai da ƙirji. Gaisuwa ta jira, domin magana lokacin awo tana ƙara lamba.

Abin ɗaurawar ma ana wasa da shi. Na gama-gari na dantse mai kaurin santimita 22 zuwa 32 ne. In aka matsa shi a hannun mai jiki, sai ya nuna abin da ya fi na gaskiya. Kuma bisa fata ake ɗaura shi, ban da bisa hannun riga ko hijabi. In lamba ta fito sama, ba rashin kunya ba ne ka ce: "Malam, don Allah a sake bayan minti biyu."

Awon gida ne ke raba gardama. A samu na'urar dantse, ta wuyan hannu ba ta kai ta aminci ba. Kwana 3 a jere, awo 3 da safe kafin karin kumallo da shan magani, 3 da dare kafin kwanciya, da tazarar minti ɗaya tsakani. A rubuta duka, har wanda bai yi daɗi ba, a kai wa likita. A asibiti iyaka 140/90 ce, wato 14/9 a bakin malamanmu, amma a gida in matsakaicin duka awon ya kai 135/85, ya isa a ce akwai hawan jini. Mutane da yawa suna ruɗewa a nan.

Wasu kuma sukan karɓi ƙwaya wajen maƙwabci ko mai tallan magani saboda lamba ɗaya ta tsorata su. Wanda jininsa daidai yake a gida, in ya sha, jiri na iya kama shi in ya miƙe, musamman tsoho a watannin zafi ko cikin azumi, har ya faɗi. Mai shan magani kuwa da ya ga lamba mai kyau a gida kada ya daina da kansa, maganin ne ya saukar da ita.

Kada kuma a ce tsoro ne kawai a manta. Waɗanda jininsu ke hawa a gaban likita kawai sun fi saurin kamuwa da hawan jini na dindindin, don haka a sake dubawa aƙalla sau ɗaya a shekara. Mai juna biyu da aka ga 14/9, ba a ɗora shi kan fargaba, a bar ungozoma ta bincika. Wanda kuma aka ga 18/12 tare da ciwon ƙirji, dishi-dishin gani, nauyin baki ko mutuwar ɓarin jiki, a kai shi sashen gaggawa nan take.