Yadda Ake Amfani da Injin Buɗe Ƙafa a Tsaye Don Ƙarfafa Gefen Ɗuwawu

A manyan gidajen motsa jiki akwai wani inji mai dandamalin tsayawa, da ƙarafan riƙewa, da hannu mai juyawa da aka ɗaura wa zagayayyen matashi. Kamfanin Technogym na kiran nasa Multi Hip. Mutum yana tsayawa da ƙafa ɗaya, ya tura ɗayar gefe. Tsokar da ake nema ita ce ta saman gefen ɗuwawu, wadda likitoci ke kira gulutiyas midiyas, da ƙaramar da ke kwance ƙarƙashinta. Su ne ke riƙe kwankwaso kada ya karkace duk lokacin da ka ɗaga ƙafa a tafiya. Idan sun yi rauni, kwankwason kan zube ta ɓangaren ƙafar da ke sama, alamar da likitan Jamus Friedrich Trendelenburg ya bayyana tun 1895.

Rabin aikin yana wurin saita injin, kuma nan ne yawancin mutane ke yin sakaci. Dubi inda hannun yake juyawa, akwai wani faifai mai ramuka. Tsakiyar faifan nan dole ta yi daidai da gaɓar kwatangwalonka. Ka laluba gefen katararka da yatsa, za ka ji wani ƙashi ya turo, wajen tafin hannu guda ƙasa da inda ɗamara ke zama. Gaɓar tana daidai tsayinsa, ko sama da shi kaɗan. Ka ɗaga ko ka sauke dandamalin har su yi daidai. In ba su yi ba, matashin zai riƙa gogar cinyarka, yana hawa yana sauka, nauyin kuma ya koma kan gwiwa da ƙugu.

Matashin ya zauna a gefen cinya ta waje, kamar yatsu uku sama da gwiwa. Kada ya hau kan gwiwar. Sannan ka zare fil ɗin faifan, ka dawo da hannun ciki kaɗan yadda ƙafar da za ta yi aiki za ta fara daga dab da ɗayar, ka mayar da fil ɗin, ka tabbata ya shige ramin sosai kafin ka ɗora nauyi.

Fara da kilo 5 zuwa 10. Ka fuskanci injin, ka riƙe ƙarafan, ka ɗan lanƙwasa gwiwar ƙafar da ka tsaya a kai, ka ɗaure ciki. Yatsun ƙafar da ke aiki su kalli gaba. Tura ta gefe cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, ka dakata kaɗan a sama, ka dawo da ita a hankali cikin daƙiƙa uku. Kada ka bari farantan nauyin su yi ƙara idan sun sauka. Kafin su taɓa juna ka sake turawa.

Tazarar ba ta da yawa, kuma wannan ne mutane ba sa son ji. Gaɓar kwatangwalo ba ta buɗewa gefe fiye da digiri 45 ga yawancin mutane, da nauyi kuwa 30 zuwa 40 sun wadatar. Duk wanda ka ga ƙafarsa ta kai tsayin ƙugu, ba ɗuwawunsa ne ya kai ta can ba, jikinsa ya karkata ya ɗage kwankwaso, tsokar ƙasan baya ta karɓi aikin. Shi ne gobe zai tashi da ciwon ƙugu. Ka sa ido a madubi: kafaɗu biyu su tsaya a layi ɗaya, igiyar wandonka ma haka. Da zarar ta fara karkata, tazararka ta ƙare.

Kuskure na biyu shi ne juya yatsun ƙafa sama ko barin ƙafar ta sulale gaba. Nan take za ka ji zafin ya koma gaban katara, daidai aljihun wando. Maganinsa ka ja ƙafar baya kaɗan, diddige ya jagoranci tafiyar. Inda ya kamata ka ji raɗaɗin shi ne sama da aljihun baya, ta gefe.

Kada ka yi mamaki idan ƙafar da ka tsaya a kai ta riga ɗayar gajiya. Ita ma tsokarta tana aiki, tana riƙe da kwankwaso. Shi ya sa ake hutawa daƙiƙa 30 zuwa 45 kafin a sauya ɓangare, kuma ake farawa da ɓangaren da ya fi rauni.

Sau 12 zuwa 20 a kowace ƙafa, zagaye 2 ko 3, kwana biyu a mako. Ka ajiye shi zuwa ƙarshe, bayan tsuguno da ɗaga ƙarfe daga ƙasa, domin in ka gajiyar da tsokar nan da wuri, gwiwoyinka za su riƙa faɗawa ciki a tsugunon. Idan ka kai sau 20 a duk zagayen ba tare da karkata ba, ka ƙara faranti ɗaya. Zafi mai suka a matse-matsi ko a kan ƙashin katara daban yake da raɗaɗin tsoka. In ka ji shi ka sauka, in ya wuce mako bai lafa ba ka ga likitan ƙashi.