Kafin ka sa wa hancin jirginka zarto, auna iskar da tiyon ruwa

A Kaduna, wanda ya haɗa ƙaramin jirgin sama da hannunsa ba ya sanin gaskiyar murfin injinsa sai bazara ta kama. Cikin Disamba da Janairu komai lafiya lau, allurar zafi tana zaune inda ake so. Maris na shiga, ka tashi da ƙarfe biyu na rana, ba ka gama barin sararin filin ba sai ka ga zafin kan silinda ya doshi ja. Filin jirgin Kaduna yana kan tudun da ya ɗan haura mita 600, in kuma zafi ya kai digiri 38 iskar takan yi sakayau har ta koma irin ta tsayin mita 1,600. Ga ta da zafi, ga ta ba nauyi, kuma da ita za ka sanyaya injin da ke bakin ƙarfinsa.

Abin da kusan kowa ke fara yi shi ne ya ɗauko zarto ya faɗaɗa ƙofofin gaba, wai iska ta shiga da yawa. Ni dai ban yarda da wannan a matsayin matakin farko ba. Faibar da aka yi murfin da ita in ka yanke ta, mayar da ita aiki ne na mako guda, kuma sau da yawa zafin yana nan inda yake, gudun jirgin ne kawai ya ragu.

Injin da iska ke sanyayawa, irin su Lycoming da Continental da Jabiru, ba bugun iska a fuska ke sanyaya shi ba. Cikin murfin an raba shi gida biyu da shingen alminiyam: ɗakin sama da ɗakin ƙasa. Iska ta shigo ta ƙofofin da ke bayan farfela, ta rage gudu, ta taru a sama ta zama matsi. Ɗakin ƙasa kuwa yana da mafita a gindin murfi, inda matsin ya fi ƙanƙanta. Bambancin nan shi ke tura iska ta bi ta tsakanin haƙarƙarin silinda, waɗannan siraran faranti da aka jera a jikinta, ta kwashe zafi ta fice. Duk wanda ya taɓa ban-ruwa a fadamar Kogin Kaduna ya san labarin: in kunya ta ɓalle a wuri ɗaya, ruwa can zai bi, kuma ƙara wa injin ban-ruwa wuta ba zai kai shi fangalin ƙarshe ba.

Tun 1928 injiniya Fred Weick na NACA, hukumar binciken jiragen sama ta Amurka a lokacin, ya nuna cewa rufe inji da sarrafa iskarsa ya fi barinsa tsirara: jirgin gwajinsu ya tashi daga mil 118 zuwa 137 a awa da murfi kawai. Mu ma nan ba baƙin abin ba ne. Air Beetle, wanda kamfanin AIEP ya haɗa a garin nan don horar da matuƙan sojan sama, an ɗauko shi ne daga Van's RV-6A, jirgin da mutane ke haɗawa a garejin gidajensu, da injin Lycoming O-360 mai ƙarfin doki 180. Da wannan injin zan riƙa misali.

Fara da tabbatar da cewa ma'auninka ba ƙarya yake maka ba. Kwance ɗan ƙarfen da ke jin zafin silinda, ka tsoma shi cikin tafasasshen ruwa. A tudun Kaduna ruwa yana tafasa a wajen digiri 98, ba 100 ba. Sannan ka san iyakarka. Lycoming ta sa jan layi a digiri 260 ga kan silinda, amma ta ce don inji ya daɗe a riƙe shi ƙasa da 224 a tafiya mai ƙarfi, ƙasa da 205 a tafiya ta tattali. Man inji ana son sa wajen 82, iyakarsa 118. Kuma a sa ma'auni a kowace silinda. Ma'auni guda a silinda guda yakan kwantar maka da hankali alhali maƙwabciyarta tana gasuwa.

To, yanzu awon matsi, wanda shi ne gundarin aikin.

Nemi farin tiyon nan mai nuna ciki, irin wanda magina ke duba lebur da shi. Lanƙwasa shi kamar harafin U a jikin katako, kowane ɓangare ya kai santimita 60, ka manna tef ɗin tela a tsakiya. Zuba ruwa zuwa rabi, ka ɗiga zoɓo kaɗan don idonka ya kama shi. A cikin murfi ba a sa bakin tiyo haka kawai, domin iskar wurin juyi take yi, in ta bugi bakin sai ta ba ka lissafin banza. Sami siririn bututun alminiyam ko na jan ƙarfe mai kaurin milimita 6, tsawon taƙi guda, ka matse ƙarshensa ɗaya, ka huda ƙananan ramuka na milimita 1 a jere a kowane gefe. Yi guda biyu. Ɗaure ɗaya a saman silinda, ɗaya a ƙarƙashinsu, nesa da salansa. Daga jikinsu ka ja tiyon silikon mai jure zafi zuwa ɗakin matuƙi ta wata huda da ke akwai a garkuwar da ta raba inji da ɗakin, ka toshe gefenta da kyau. Na sama ya shiga hannun U ɗaya, na ƙasa ya shiga ɗayan. Tazarar da ke tsakanin kan ruwan biyu ita ce amsarka. Kada ka ce kai za ka tuƙa kai za ka karanta. Ɗauki mutum, ko ka kafa waya ta ɗauki bidiyon katakon tare da allon ma'aunai.

O-360 yana neman bambancin da ya kai santimita 13 zuwa 16 na ruwa idan yana aiki da ƙarfi cikin zafi. Kamfanin kowane inji yana da jadawalinsa, ka neme shi. Abin da mutane ba su cika lissafawa ba shi ne iyakar matsin da gudun jirgi zai iya bayarwa. A gudun kilomita 150 a awa, ko ka kama iskar gaba ɗaya ba ka rasa ko kaɗan ba, santimita 11 ne kawai. A 185 ya kai 16 da rabi. A 250 ya kai 30. Ka ga ke nan wanda ya ɗaga hanci yana hawa a 150 da tsakar ranar Afrilu yana neman abin da babu, ko da farfela tana ɗan taimakawa. Ya sauke hanci ya hau a 185 ko 200, rabin matsalarsa ta tafi ba tare da ya taɓa sukudireba ba. Ɗaga hanci ma yana da wata illar: iska tana bugun cikin jirgin daga ƙasa, matsi ya ƙaru daidai bakin mafita, iskar ciki ta rasa hanyar fita.

Bayan awon farko, sake tashi sau biyu. A ɗaya ka bar tiyon sama kaɗai, ɗaya hannun U a buɗe cikin ɗaki. A na biyun ka bar na ƙasa kaɗai. Iskar ɗakin matuƙi ba daidai take da ta waje ba, amma in tagogi da ƙofofin iska suna yadda suke kowane tashi, ta isa kwatanci. In matsin sama ya yi ƙasa sosai da abin da gudun ya kamata ya bayar, ko ƙofar shiga ba ta da kyau ko shinge yana yoyo. In matsin ƙasa ya yi yawa, ko mafita ta yi kaɗan ko kuma yoyon ne ke cika ɗakin ƙasa. Yoyo yana cutarwa ta fuska biyu, shi ya sa da shi ake farawa.

Shiga rumfar jirgi da daddare, ka kashe fitila, ka sa tocila a ƙarƙashin inji, ka leƙa ta ƙofofin gaba. Duk inda haske ya fito ba ta tsakanin haƙarƙari ba, ɓarawo ne. Kusurwoyin shinge, gefen akwatin inji, inda wayoyin fulogi suka ratsa, bayan farfela kusa da altaneta, nan suke ɓuya. Toshe su da jan silikon mai jure zafi. Ramuka goma masu faɗin ɗan yatsa in ka haɗa su sun zama taga.

Robar da ke bakin shinge, wadda ke manne da murfin sama, dole ta lanƙwaso ciki, wajen ɗakin matsi, yadda iska za ta ƙara danna ta jikin murfi. In ta juya waje, iska buɗe ta take yi. Jirgi yana ƙasa za ka gan ta zaune daram, in ya tashi sama kuwa ta kwanta. Hunturu yana mana wani amfani a nan: cire murfin sama ka kifa shi, ka duba cikinsa. Inda roba ke kamawa za ka ga layi mai santsi ba yankewa. Inda take saki za ka ga ƙura ta zana hanya ta tsallake layin. Kada ka yi amfani da tsohon tib na mota, zafi yana busar da shi ya tsattsage. Robar silikon mai zare a ciki ake sawa, a yanka ta gajeru-gajeru a wuraren lanƙwasa, kowace ta hau kan 'yar'uwarta. Duba kuma ƙananan farantan da ke tsakanin silinda biyu daga ƙasa, da waɗanda ke naɗe gindinsu. Su ke hana iska saurin tserewa kafin ta zagaya ƙasan silinda. Masu ƙira a Panteka za su lanƙwasa maka alminiyam yadda kake so in ka kai musu samfurin kwali, sai dai kai za ka kawo farantin da ya dace da jirgi.

A Lycoming mai silinda huɗu, lamba 1 tana gaba dama, 2 gaba hagu, 3 baya dama, 4 baya hagu, in kana zaune a kujerar matuƙi. Lamba 3 ta yi suna wajen zafi, kuma da dalili. Gefe ɗaya na kan silinda haƙarƙarinsa ba zurfi, a lamba 3 kuwa gefen nan ne ke jingine da shingen baya, sai hanyar iska zuwa ƙasa ta toshe. Wasu suna sa washa guda tsakanin shingen da silinda. Ya fi kyau a ƙera ɗan kumburi a jikin shingen daidai wurin, iska ta zagaya ta faɗa haƙarƙarin ƙasa. Lamba 2 tana da irin wannan a gabanta. In kuma na gaba suna sanyi na baya suna zafi, ɗan faranti a gaban 1 da 2 yana tura iska baya. Fara gwadawa da salatif na alminiyam, kana ƙarawa kana ragewa, kafin ka buga ribit.

Sai an gama wannan duka ake zancen yanka, kuma mafita ake fara dubawa, domin ita ke iyakance yawan iskar da ke ratsa murfi. Leƙa ta ƙasa: salansa, ƙafar tayar gaba da ƙarafan da ke riƙe inji sukan cinye rabin hanyar. Gefen garkuwa na ƙasa in kaifi ne, sa masa lanƙwasasshen faranti iska ta zame. Jirgi mai tafiyar hawainiya irin Zenith 701, wanda a kilomita 130 bai da fiye da santimita 8 na matsi, yana bukatar leɓe a gaban mafita, ɗan faranti da ya karkato ƙasa yana jawo iskar ciki. Jirgi mai gudu kuwa babbar mafita asara ce a tafiya, gara ƙofa mai motsi, a buɗe wajen hawa a rufe in an daidaita. Ƙofar shiga tana son baki mai kauri, zagayayye, da rufin da ke buɗewa a hankali zuwa ciki. In za ka canja siffar murfi sosai, sanar da mai duba jirginka na NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, kafin tashi.

Lagireton mai shi ma bambancin matsi yake ci. In yana jikin shingen baya, ka tabbata bayansa a buɗe yake. In yana jikin garkuwa, tiyon da ke kai masa iska ya zama mai faɗi, gajere, ba lanƙwasa da yawa. Ƙananan tiyon da ake jawowa zuwa magnito da famfon mai duk daga ɗakin sama suke sha, wanda ba dole ba a toshe shi.

Idan ruwan tiyo ya nuna matsi ya isa amma zafi bai sauka ba, ƙyale murfin. Duba taimin, wanda a yawancin O-360 digiri 25 ne, a rubuce yake a farantin inji. In ya yi gaba da digiri biyu ko uku, kan silinda zai gaya maka. Duba ko kafireto yana ba da isasshen mai wajen tashi. Sabuwar silinda ma takan yi zafi har zobbanta su zauna.

Canja abu ɗaya a kowane gwaji, ka rubuta gudu, tsayi da zafin waje. In ka yi gwajin cikin hunturu waje yana 22 silinda ta nuna 200, ɗora mata tazarar zuwa 40, ka ɗauka 218 za ka gani.

Bayan sauka, juya hancin ya fuskanci iska, ka buɗe ƙofar duba mai. Zafin da ya taru a cikin murfi bayan kashe inji yana iya tafasa fetur a cikin bututu, musamman fetur ɗin mota. In inji ya huce, toshe ƙofofin gaba da soso mai jan ƙyalle, ka haɗa sosunan biyu da igiyar da ta ratsa ta kan farfela don kada a manta da su. Soso yana tsare tsuntsu amma ba ya tsare zanzaro, wanda zai shiga ta mafita ya yi ginin laka tsakanin haƙarƙari ko a fuskar lagireton mai. Jirgin da ya yi mako biyu a ajiye, musamman da damina, cire masa murfin sama ka bi silinda ɗaya bayan ɗaya da tocila da siririyar waya kafin ka tayar da shi.