Kafin ku sayi tsabar zinare ta ajiya

Jama'a, a yi hattara da tallan nan na tsabar zinare da ake cewa "kaɗan aka buga, ta kusa ƙarewa". Ƙarancin abu ba ya ɗaga farashinsa sai in akwai masu nemansa, kuma kamfanin da ya buga shi ne ya zaɓi adadin da kansa.

Abin da za ku fara tambaya shi ne nauyin zinaren da ke ciki. Ozar zinare giram 31.1 ce. Ku duba farashin oza a kasuwar duniya a ranar, ku lissafa kuɗin zinaren da ke jikin tsabar. Duk abin da ya hau kai, kuɗin talla da ribar dillali ne, kuma da wuya ya dawo hannunku ranar sayarwa. Wasu ma ruwan zinare kawai aka shafa wa tagulla, aka sa a akwati mai ƙyalli da takardar shaida.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda masu tallan ke tsoratar da dattawa da labarin 1933, lokacin da Shugaba Roosevelt ya umarci Amurkawa su miƙa zinarensu ga gwamnati. An ɗage wannan hani na mallakar zinare a Amurka tun ƙarshen 1974.

In ajiyar dukiya kuke so, ku nemi sanannu irin Krugerrand ta Afirka ta Kudu ko Maple Leaf ta Kanada, farashinsu na bin na zinare. Sannan ku tambayi dillalin: in na dawo da ita gobe, nawa za ka saya? Ya rubuta muku amsar.