Yadda Ake Gwada Fim Ɗin Makashi Mai Ƙaramin Jari a Gaban 'Yan Kallon Kano

Duk mai shirya fim da ya tattara 'yan kuɗinsa ya ɗauki labarin mutumin da ke kashe mutane ɗaya bayan ɗaya saboda wani abu da ya karkace a ƙwaƙwalwarsa, to ya ɗauko aikin da masana'antar Kannywood ba ta saba da shi ba. Tun daga fim ɗin Turmin Danya na shekarar 1990, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa a Kano, abin da ya fi cin kasuwa shi ne soyayya da rikicin gidan aure da barkwanci da waƙa, kuma kowane furodusa ya san yadda ake gane cewa irin waɗannan sun karɓu. Fim ɗin makashi mai ƙaramin jari kuwa ba shi da manyan taurari ko gidajen alfarma da zai ja ido da su, jarinsa kaɗai shi ne fargabar da yake dasawa a zuciyar mai kallo. Kai da ka kalli kowace fitowa sau ɗari a ɗakin tace hoto, wannan fargabar ta daɗe da barin jikinka, don haka ba za ka iya auna ta da kanka ba. Dole ka aro idanun da ba su taɓa ganin fim ɗin ba kafin ka sake shi.

Ka fara da zaɓen waɗanda za su kalla. Mutum ashirin da biyar zuwa talatin sun wadatar, amma kada a samu ko ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin fim ɗin, ko 'yan uwanka, ko abokan zamanka na ofisoshin 'yan fim da ke Zoo Road, domin waɗannan kai suke kallo, kuma 'yan fim suna lura da fitila da kyamara ne a lokacin da ya kamata gabansu ya faɗi. Ka sa wani ya gayyato maka mutanen da ba su san ka ba: ɗalibai daga Jami'ar Bayero, da 'yan kasuwa daga Kantin Kwari, da tela, da direban adaidaita sahu, da ma'aikaciyar jinya idan ta samu, sannan musamman matan aure, waɗanda su ne ƙashin bayan kallon finafinan Hausa tun zamanin kaset. Idan hali ya yi, a ware wa mata nasu zaman, saboda sun fi sakin jiki su faɗi ra'ayinsu idan babu maza a wurin. Yara ba su da wuri a wannan zama. A kuma faɗa wa kowa tun a wurin gayyata cewa akwai kisa a cikin fim ɗin, ba tare da an kwashe labarin ba, domin wanda bai daɗe da rasa ɗan uwa a hannun 'yan daba ko masu ƙwacen waya ba yana da haƙƙin ya ce a ɗauke masa.

Kafin ka sa rana, ka leƙa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a shekarar 2001, ka bayyana cewa zaman gwaji ne na waɗanda aka gayyata, babu tikiti babu talla, ka ji ƙa'idar da ta shafe shi.

Game da ɗaki, sauti ya fi hoto muhimmanci. Majigi mai matsakaicin haske da farin bango za su yi aiki, amma lasifika mai ɓata sauti za ta kashe fim ɗin, domin rabin tsoron yana cikin takun sawu da ƙarar ƙyaure da numfashi. A ajiye janareto nesa da ɗakin, a toshe tagogi da baƙin ƙyalle, a kuma yi tunanin zafin Kano na watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da mutumin da gumi ya dame shi zai yi ta mutsu-mutsu har ka ɗauka fim ɗin ne ya gundure shi. Ka zaɓi lokacin da kiran salla ba zai raba fim ɗin biyu ba. Hantsin Asabar, daga ƙarfe goma, ya fi dacewa, tunda bayan isha'i da wuya matan aure su samu fitowa. A karɓi wayoyi a bakin ƙofa a ba kowa lamba, wanda hakan zai kare ka daga satar fasaha, sannan a rufe ƙofa da zarar an fara. Darakta Alfred Hitchcock ya kafa wannan sharaɗi a gidajen sinima lokacin da ya saki fim ɗinsa na makashi mai suna Psycho a shekarar 1960, ya hana shigar kowa bayan fim ya fara, domin ya san wanda ya shigo a tsakiya ya rasa tubalin da aka gina fargabar a kansa, kuma yana tsinka ta waɗanda ke zaune.

Kada ka tsaya a gaba ka yi jawabin neman afuwa a kan ƙarancin kuɗi ko sautin da ba a gama gyarawa ba. Mafi kyau ma kada a san kai ne darakta. Ka zauna a gefe, inda hasken majigi zai nuna maka fuskoki, tare da mataimaka biyu masu littafi da agogo, kowa ya riƙa rubuta minti da abin da ya gani a ɗakin. Wannan rubutu shi ne ainihin ribar zaman, ya ma fi duk abin da za a faɗa maka bayan an kunna fitila.

Abu na farko da za ka koyi saurare shi ne shiru, kuma shiru iri biyu ne. Akwai wanda jiki ke sandarewa a cikinsa, mai cin gyaɗa ya tsaya da hannu a cikin leda, mace ta ja mayafi ta rufe baki, tari ma ya ɗauke. Wannan shi ne abin da kake nema. Akwai kuma shirun da ke tafe da gyara zama da hamma da laluben aljihu don neman wayar da aka karɓe, wanda ke nufin zaren labarin ya saki. Idan mataimakanka biyu suka rubuta irin wannan a minti ɗaya, to fitowar ta yi tsawo ko ta maimaita abin da aka riga aka fahimta.

Dariya ta fi komai ruɗar da sabon darakta. Ɗan kallon Kano yakan yi gajeriyar dariya bayan ya firgita, ya waiga ya ga ko maƙwabcinsa ya lura, kuma wannan dariya yabo ce, domin tsoro ne ke neman hanyar fita. Wadda za ta dame ka ita ce mai tsawo da ke zuwa a tsakiyar fitowar kisa, tare da tafa hannu da nuna bango da yatsa. Yawanci jinin ne ya yi kama da zoɓo, ko gawar ta motsa ido, ko makashin ya zaro idanu ya yi irin dariyar bos da aka saba gani a finafinan Indiya. A nan ƙaramin jari yake tona asirin mai shi, kuma maganin kusan kullum shi ne a rage abin da ake nunawa. Fitowar kisan banɗaki ta Psycho, wadda aka ɗauka da hoto baƙi da fari, an gina ta ne da gajerun yanka da kukan goge irin na Turawa wanda Bernard Herrmann ya tsara, har 'yan kallo suka riƙa jin sun ga abin da ba a nuna musu a fili ba. Inuwa a jikin katangar lungu da takalmi ɗaya da aka bari a ƙofar zaure ba sa cin ko sisi.

Ka kuma saurari salati. Idan aka ce "Innalillahi" ko "Subhanallahi" a hankali, kamar ba da niyya ba, abin ya shiga. Idan aka fara yi wa bango magana, ana cewa "Ke, kada ki buɗe!" ko "Ka waiga mana!", an damu da wanda za a kashe, kuma babu shaidar nasara da ta fi wannan. Tsaki kuwa sai an duba inda ya faɗo: wanda aka yi wa makashi ƙiyayya ce mai amfani, amma wanda aka yi saboda jaruma ta bi baƙon mutum cikin kango da tsakar dare ba tare da dalili ba, marubucin aka yi wa. Mutanen da suka tashi a unguwannin cikin Badala, inda maƙwabta suka san shigar kowa da fitarsa, ba za su yarda mutum ya kashe biyar a lungu ɗaya ba tare da mai unguwa da 'yan sintiri sun motsa ba. Wanda ya tashi ya fita, a sa wani ya bi shi cikin ladabi ya tambaye shi, domin fita saboda abin ya fi ƙarfin zuciya daban take da fita saboda ƙyama ko gundura.

Da aka kunna fitila, za a ce maka "Ma sha Allah, an yi ƙoƙari." Ka karɓa da godiya, amma kada ka rubuta shi, domin kara ce irin tamu, wadda ba ta barin mutum ya kushe aikin wanda ya ba shi wurin zama da lemo. Kada a tambayi kowa ko fim ɗin ya yi kyau. A raba takarda kafin a fara hira, don kada mai babbar murya ya ja sauran, wanda bai iya rubutu ba kuma a ɗauki muryarsa a gefe. A ce kowa ya ba da labarin fim ɗin a taƙaice kamar yadda zai ba wanda bai zo ba, ya faɗi inda ya fara zargin makashin, da inda ya ji kamar ya tashi.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: me ya sa yake kisan? A nan ne za ka gane ko fim ɗinka ya isar da abin da ka nufa. Yawancin masu kallonmu suna da amsoshi a ajiye tun kafin su shigo, wato tsafin kuɗi, ko asiri, ko shafar aljanu, ko shaye-shaye. Idan kai ka gina mutumin ne a kan azabar da ya sha yana yaro da rashin tausayin da ya girma da shi, amma rabin ɗakin suka ce boka ne ya sa shi, to fitowar da ta ɗauki wannan bayani ba ta yi aikinta ba. Idan kuma amsar ta zama "mahaukaci ne kawai", ka sake tunani, domin mafi yawan masu taɓin hankali ba sa cutar da kowa, kuma iyalan da ke kai 'yan uwansu asibitin Dawanau suna fama da isasshiyar tsangwama ba sai fim ya ƙara musu ba. Daga nan a tambaye su sunayen waɗanda aka kashe. Idan kowa ya riƙe sunan makashin da salon maganarsa, matasa ma har suna kwaikwayon tafiyarsa a bakin ƙofa, amma babu mai tuna sunan ko ɗaya daga cikin mamatan, fim ɗin ya mayar da shi jarumi, kuma a ganina wannan aibi ne da ya fi kowane kuskuren sauti girma.

Rabuwar kai a tsakanin 'yan kallo ba abin tsoro ba ce. Fim ɗin Henry: Portrait of a Serial Killer, wanda John McNaughton ya ɗauka a birnin Shikago na Amurka da kimanin dala 110,000 a tsakiyar shekarun 1980, bai samu fita kasuwa sosai ba sai a 1990 saboda takaddama da masu tantance finafinai, kuma waɗanda suka gan shi sun rabu tsakanin masu yabo da masu tir. Abin gudu shi ne ɗakin da kowa ya fito yana hirar abincin rana.

Kusan tabbas za a yi maka ƙorafi a kan ƙarshen fim ɗin, domin mai kallon Kano yana son ya ga alhaki ya kama mai shi, ko a hannun hukuma ko ta wata hanyar, kuma masu tacewa ma za su duba wannan. Ka saurara, amma ka san abin da kake sayarwa idan ka canza. An sake ɗaukar ƙarshen fim ɗin Amurka Fatal Attraction na shekarar 1987 bayan 'yan kallon gwaji sun ƙi na farko, inda farkar maigida ta kashe kanta, aka maye shi da wanda uwargida ta harbe ta. Fim ɗin ya yi kasuwa ƙwarai, amma har yau ana muhawara a kan ko an zalunci labarin. Ƙa'idar da nake bi ita ce, idan 'yan kallo suka ce wuri kaza ya dame su, yawanci suna da gaskiya, idan kuma suka faɗi yadda za a gyara, a nan sai ka yi taka-tsantsan. Ra'ayin mutum ɗaya ba ya sa a taɓa fim, sai abin da ya fito daga bakin mutane da yawa kuma ya dace da mintin da mataimakanka suka rubuta.

Ka zauna da edita ka fara da abin da almakashi da sauti za su iya gyarawa, ka bar sake ɗauka ya zama mataki na ƙarshe tunda shi ke cin kuɗi. Bayan gyara, a sake zama da sababbin mutane, domin na farko sun riga sun san inda wuƙar take. A wannan karo ka ware mutum biyar ka ba kowannensu fim ɗin a waya da abin sauraro na kunne, a ɗakin da kake, saboda da yawa daga masu kallonka a YouTube za su gan shi, kuma fitowar dare da ta yi kyau a majigi tana iya zama baƙi ƙirin a ƙaramin allo. Bayan kwana uku, ka sa wanda ya gayyato su ya kira kowa ya tambaye shi wace fitowa ce har yanzu take dawo masa, ka gwama amsoshin da littafin mintocin, sannan ka yanke wadda za ta shiga tallan fim ɗin da wadda za ka ɓoye.