Yadda Ake Zaɓen Kamfanin Intanet na Gida a Maradi

Kafin magidanci ya fitar da kuɗinsa ya sayi na'urar wifi, abin da ya kamata ya fara tantancewa shi ne ƙarfin rezo a cikin ɗakin da zai ajiye ta. Kamfanonin da ke aiki a Nijar sanannu ne: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom wanda ya gaji Orange, da Niger Telecom na gwamnati, wanda aka kafa a 2016 bayan an haɗe Sonitel da SahelCom. Kowannensu da inda ya kafa eriyoyinsa, shi ya sa layin da ke gudu a unguwar Ali Ɗan Sofo yana iya yin nauyi a unguwar Bagalam ko ta Zariya, kuma shaidar abokin da ke zaune a wata unguwa ba ta isa hujja ba.

Hanyar gwajin ba ta da tsada. A ari layukan maƙwabta ko a sayi na kamfani biyu ko uku, a saka wa kowanne ɗan ƙaramin forfe na kwana ɗaya, sannan a gwada su a waya ɗaya, a wuri ɗaya. A gwada da hantsi, a kuma gwada bayan sallar isha'i, domin a lokacin ne jama'a ke taruwa a kan eriya ɗaya, gudu ya ragu. Cikar sandunan rezo a fuskar waya ba ta nuna komai game da wannan cunkoso. Abin da ke nunawa shi ne a buɗe bidiyo, a kira wani ta WhatsApp da hoto, a ga ko murya tana yankewa. Bangon siminti mai kauri da rufin kwano suna rage sigina, saboda haka a zagaya da wayar, a tsaya kusa da taga, a lura da inda alamar 4G ke zama daram ba ta komawa 3G. Nan ne mazaunin na'urar.

Bayan haka sai lissafi. Saƙon rubutu da na murya ba sa cin forfe sosai, amma kallon bidiyo mai kyawun hoto yana iya cinye jiga guda, wato 1 GB, cikin awa ɗaya, kuma gidan da ke da ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da yara masu kallo ba zai wadatu da abin da ya ishi ɗan kasuwa mai aika hotunan kaya ba. Idan aka ce forfe ba shi da iyaka, a tambayi ma'aikacin kai tsaye: bayan jiga nawa ake rage gudu, kuma ragowar da ba a yi amfani da ita ba tana wucewa zuwa wata mai zuwa ko tana ƙonewa? A tambaya kuma ko na'urar tana karɓar layin wani kamfani, domin wadda aka kulle a kan kamfani ɗaya tana ɗaure mai ita.

Starlink, kamfanin da ke kawo intanet ta tauraron ɗan adam, wanda ya fara aiki a Nijar a 2025, yana da amfani ga gidajen bayan gari da ƙauyukan da eriya ta yi musu nisa, sai dai kayansa suna da tsada, yana buƙatar sarari a sama ba tare da inuwar bedi ta kare shi ba, kuma yana cin wuta fiye da ƙaramar na'urar wifi nesa ba kusa ba. A ganina, gidan da ke cikin gari kuma 4G ke kama shi sosai bai da dalilin gaggawar sayensa.

Batun wuta kuwa ba a barinsa sai daga baya, tunda an san yadda wutar NIGELEC ke ɗaukewa a watannin zafi. A zaɓi na'ura mai batir a cikinta, ko a haɗa ta da batirin sola, a kuma fara da biyan wata ɗaya kawai har a ga yadda layin zai kasance.