Kurakuran da aka fi yi wajen ɗora wa tsohuwar kwamfuta sabuwar Windows, da yadda ake gyara su

Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma tun daga nan masu tsofaffin kwamfutoci suke ta neman sanin ko na'urarsu za ta ɗauki Windows 11. Tambayar ta shafe mu sosai a Zariya, domin laftof da yawa da ke hannun ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo, da waɗanda ake aiki da su a shagunan buga takardu na Sabon Gari da Tudun Wada, na hannu ne da aka shigo da su bayan sun yi shekaru suna aiki a ofisoshin ƙasashen waje. Amsar ba ta da wuya, amma hanyar zuwa gare ta cike take da kurakurai, wasu kan ci kuɗi, wasu kuma kan tafi da aikin da aka daɗe ana tarawa.

Babban kuskure shi ne dogaro da 'yar takardar nan da aka manna kusa da kibod, mai ɗauke da rubutun Core i5 ko Core i7. Mai saye yakan ga i7 ya ɗauka ya sami ƙarshen ƙarfi, mai sayarwa kuma ba zai gyara masa fahimta ba. Abin da Windows 11 take dubawa shi ne zubin firosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar ke nan, wato zamanin da aka ƙera shi, kuma jerin da Microsoft ya amince da shi ya fara ne daga zubi na 8 na Intel da Ryzen 2000 na AMD, in ban da 'yan tsirarun da aka keɓe. Ana gane zubin daga lambar da ke bin sunan: i7-4600U zubi na 4 ne, i5-6300U na 6, i5-8250U na 8, i5-1135G7 kuma na 11. Saboda haka wannan i5-8250U ɗin ya cancanta, ya kuma fi i7-4600U sauri nesa ba kusa ba, duk da cewa sunansa ya fi ƙanƙanta. Gyaran shi ne a rubuta msinfo32 a wurin bincike na Windows, a karanta cikakkiyar lambar firosesa da ido. Mai shirin saye ya yi haka a gaban mai shago kafin kuɗi su bar aljihunsa, kada ya tsaya ga sunan samfurin kawai, domin akan sami laftof biyu masu suna ɗaya da firosesa daban-daban a cikinsu.

Akwai kuma kuskuren da ke tafiya ta ɗaya ɓangaren, wato yanke ƙauna da wuri. Mutum zai buɗe manhajar PC Health Check ta gaya masa babu TPM 2.0, sai ya ɗauka kwamfutar ta gama yayi, alhali sau da yawa na'urar tsaron tana nan, a kashe kawai take. A rubuta tpm.msc a duba. Idan ba ta bayyana ba, a sake kunna kwamfutar a shiga BIOS, wato shafin saitin da ake iya buɗewa kafin Windows ta tashi, da F10 a yawancin HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, a nemi wurin da aka rubuta TPM, ko PTT a kan Intel, ko fTPM a kan AMD, a kunna shi. Sai dai akwai tarko a nan. Windows 11 tana bukatar sabon tsarin tashin kwamfuta na UEFI mai iya Secure Boot, wato kariyar da ke tace abin da kwamfuta za ta tashi da shi, yayin da masu gyara da dama suka saba yin fomatin a tsohon tsarin Legacy, wanda ke tafiya da faifan da aka tsaga da salon MBR. Duk wanda ya juya BIOS zuwa UEFI bai mayar da faifan zuwa sabon salon GPT ba, zai tarar kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya. A fara sauya faifan da umarnin mbr2gpt, wanda ke cikin Windows 10, sannan a taɓa BIOS.

Abin da ya fi yaɗuwa a kasuwa a yau shi ne ɗaukar hawan Windows 11 a matsayin shaidar cancanta. Manhajar Rufus, wadda ake haɗa filash ɗin girkawa da ita, tana da wurin da ake cire sharaɗin TPM da Secure Boot, don haka ba abin mamaki ba ne a ga laftof mai zubi na 4 tana baje a shago da sabuwar Windows a fuskarta. Ta hau ɗin, amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai yi wa irin wannan na'ura alkawarin sabuntawa ba, kuma babban sabon juyi na shekara-shekara ba ya zuwa mata da kansa, sai an sake bi ta bayan fage. Daga juyin 24H2 ma an ƙara bukatar umarnin SSE4.2 a cikin firosesa, abin da ya sa kwamfutocin zamanin Core 2 Duo ba sa tashi da ita ko da wace dabara aka yi. A ganina, mai zubi na 6 ko na 7 da RAM 8GB da faifan ajiya mai sauri na SSD yana iya bin wannan hanya idan ya san abin da ya shiga, domin na'urar za ta yi aiki lafiya. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne Windows ɗin da wasu suka datse suka baza a intanet da sunan mai sauƙin nauyi, tare da manhajojin fasa lasisi. Ba wanda ya san abin da aka cusa a ciki, kuma a kan kwamfutar nan ne mutum zai shiga imel ɗinsa da asusun bankinsa.

Mafi ƙarancin bukata ma ana yi masa mummunar fahimta. An rubuta RAM 4GB da wurin ajiya 64GB, amma wannan ya isa Windows ta kunnu ne kawai. Da an buɗe Chrome da 'yan shafuka, aka haɗa da Word, sai komai ya fara jan ƙafa, tamkar an ɗora wa jaki kayan raƙumi. Kafin a zargi firosesa, a danna Ctrl da Shift da Esc a buɗe Task Manager. Idan layin faifai ya maƙale a kashi 100 cikin 100, kuma ana jin ɗan ƙarar juyawa a ƙarƙashin tafin hannu, to tsohon faifan HDD ne matsalar, kuma musanya shi da SSD zai sauya kwamfutar fiye da kowace sabuwar Windows. Wajen ƙara RAM a lura cewa DDR3 da DDR4 ba sa shiga ramin juna, cewa laftof masu zubi na 4 da na 5 galibi DDR3L suke so, kuma wasu siraran an narka musu RAM a jikin babban allon cikin kwamfuta, wato motherboard, ba a iya ƙarawa. Wanda ke kan Windows 10 mai 32-bit ba zai amfana da abin da ya wuce 4GB ba, kuma ba ya iya hawa Windows 11 kai-tsaye, domin ita 64-bit kaɗai gare ta, dole sai an girka daga tushe.

Ƙurar hunturu da zafin bazara na garinmu suna da nasu rabon. Fanka ta toshe, firosesa ya rage gudu don kare kansa, mai ita ya ce tsufa ne. A buɗe a share, a sauya man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya shi.

Ranar girkawa kuwa, gaggawa ce ke jawo asara. Bai kamata a fara aikin da mataccen batir ana dogaro da wutar NEPA ba, musamman idan za a sabunta BIOS, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan kan iya kashe babban allon cikin kwamfutar. A kwafe takardu zuwa filash ko wani faifai dabam tukuna, kada ɗalibin da ke babi na huɗu na kundin bincikensa ya bar wa mai gyara wannan nauyin da baki kawai. Masu shagon buga takardu su duba ko tsohuwar firinta da sikana suna da direba, wato manhajar da ke haɗa su da kwamfuta, mai aiki a Windows 11. Bayan girkawa a nemi mabuɗin BitLocker, wato lambobin da ke buɗe faifan da Windows ta kulle, a adana, domin juyin 24H2 kan kulle faifai da kansa idan an shiga da asusun Microsoft, kuma wata rana bayan an taɓa BIOS zai iya tambayar lambobi 48 ɗin nan. Wanda ya hau ta hanyar sabuntawa yana da kwana 10 na komawa Windows 10 idan abin bai yi masa ba.

Ga wanda na'urarsa ba ta cancanta ba, jefar da ita kuskure ne, haka ma komawa Windows 7, wadda tallafinta ya ƙare tun 14 ga Janairun 2020, Chrome kuma ya tsaya mata a juyi na 109. Shirin ƙarin tallafi na Microsoft mai suna ESU ya tsawaita gyaran tsaro na Windows 10 ga ɗaiɗaikun mutane har zuwa 13 ga Oktoban 2026, ga wanda ya yi rajista. Bayan wannan akwai Linux Mint, wata manhajar tafiyar da kwamfuta da ke maye gurbin Windows, musamman nau'in Xfce, wadda ke tashi da RAM 2GB, ta fi sakewa da 4GB, kuma ana iya gwada ta daga filash ba tare da an goge komai ba, a ga ko waya-fai da sauti suna aiki. Tana zuwa da LibreOffice da Firefox, sun kuma wadatar da mai rubutu da bincike. Amma wanda abincinsa ke kan CorelDraw ko AutoCAD ya san cewa ba a yi su don Linux ba, shi kam gara ya fara tanadin kuɗin laftof mai zubi na 8 ko sama da haka.