Babi na Huɗu: Hasken da Bishiyar Bonsai Take Buƙata a Ɗaki

Darasi na 1: Abincin bishiya

Sannunku da ƙoƙari, iyayena da yayyena. Ku karanta a hankali, layi bayan layi. Wanda ya tsaya a wata kalma ya koma ya sake, babu kunya a ciki.

Mu tuna: bonsai kalmar mutanen Japan ce, ma'anarta shuka a cikin faranti. Su kuma daga mutanen Sin suka koyo. Bishiya ce ta gaske, sai dai ana datse rassanta da saiwarta don ta zauna ƙarama a tukunya. Dangin ɓaure, irin su ceɗiya da durumi, sun fi jure zaman ɗaki. Kuka da tsamiya da kariya kuwa 'yan rana ne, tsakar gida ta fi musu.

Ganye shi ne madafar bishiya. A cikinsa take haɗa ruwa da iska ta dafa abincinta, haske kuma shi ne wutar girkin. Idan babu wuta, ko an cika tukunya da ruwa tuwo ba zai dahu ba. Haka bishiya: idan haske ya gaza, ruwa da taki ba za su ciyar da ita ba.

Darasi na 2: Gwajin inuwa

Wannan darasi shi ne ƙashin bayan babin, don haka za mu daɗe a kansa.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Gaskiya ne wajen hatsi. Wajen haske kuwa ido yana yaudara. Ku tuna lokacin da kuka shigo ɗaki daga rana: da farko duhu dulum, jim kaɗan sai ku ga komai tar. Ɗakin bai ƙara haske ba, idonku ne ya buɗe ya saba. Ganye ba ya iya yin haka.

Masana suna auna haske da wani ma'auni da ake kira luks. Tsakar rana a fili takan kai luks dubu ɗari, ana rubuta shi 100,000. Tsakiyar falo kuwa sau da yawa ba ta wuce ɗari biyu ko ɗari uku ba, wato 200 ko 300. Ku dubi lambobin nan, ku ƙirga sifiri na kowace. Tazarar ke nan, alhali ido yana ce muku ɗakin wasai yake.

Ba mu da na'urar awo, amma muna da hannu da farar takarda. Ga yadda za a yi.

Da hantsi, ku kashe fitilar ɗaki, ku yaye labule. Ku ɗauki farar takarda ku ajiye ta daidai wurin da tukunyar za ta zauna. Daidai wurin. Idan a kan tebur za ta zauna, takarda ta hau tebur. Idan a ƙasa za ta zauna, takarda ta sauka ƙasa. Sai ku buɗe yatsu, ku riƙe hannu tsakanin takarda da taga, kamar taƙi ɗaya daga takardar. Taƙi shi ne daga babban yatsa zuwa ɗan tsakiya idan an ware su. Yanzu ku dubi takardar.

Idan inuwar ta fito sarai, har kuna ƙirga yatsu biyar, wurin yana da kyau. Idan ta fito dishi-dishi, ana ganin hannu amma yatsu sun haɗe, ceɗiya za ta rayu da ƙyar, sai an taimaka mata da fitila. Idan babu inuwa ko kaɗan, kada ku ajiye bishiya a nan.

Ina za a ajiye takarda? Daidai wurin da tukunya za ta zauna. Ku faɗa da baki. Madalla.

Ina nanata wannan ne saboda abin da na gani a aji. Wata baiwar Allah, mai ƙwazo ƙwarai, ta yi gwajinta a bakin taga, inuwa ta fito da kyau. Sai ta ɗauki ceɗiyarta ta ɗora kusa da talabijin, taku huɗu daga tagar, don baƙi su gani. Bayan 'yan makonni ganye ya fara rawaya yana zuba. Ta ɗauka ƙishirwa ce, ta riƙa ƙara ruwa safe da yamma. Ranar da ta kawo mini tukunyar, na cusa yatsa a ƙasar, jagab, tana wari, saiwar ta yi baƙi ta ruɓe. Bishiyar da ba ta samun haske ba ta shan ruwa sosai, ruwan sai ya kwanta ya kashe ta. Wata takwas ta yi tana rainon ceɗiyar nan, kuma na ji zafin abin tare da ita.

To, ku ji ni da kyau. Na gaji da jin "Malam, ai ɗakina akwai haske." Ban tambaye ku abin da ido ya gani ba. Na ce a ajiye takarda. Mutum nawa ne suka yi gwajin makon jiya? Takarda ɗaya da hannu ɗaya, babu ko kwabo. Wanda ya ƙi yi, kada ya zo ya ce irin bishiyar ne ba shi da kyau. Idan kun matsar da tukunya, ko taku ɗaya ne, ku sake gwaji a sabon wurin. Takarda daidai wurin da tukunya za ta zauna.

Darasi na 3: Wace taga?

Tagar gabas ta fi, domin ranar safiya ba ta ƙuna. Tagar yamma tana da haske, amma da bazara ranar la'asar takan ƙona ganye, sai a sa siririn labule. Tagar kudu tana samun rana da hunturu, da damina kuwa rana takan karkata arewa kaɗan, haskenta ya ragu. Ku sake gwajin takarda idan yanayi ya juya.

Da hunturu ƙura tana rufe gilashi da ragar sauro da ganye. Ku goge su da jiƙaƙƙen tsumma. Duk ranar Juma'a ku juya tukunya, bayanta ya fuskanci taga, don kada ta karkace.

Darasi na 4: Fitilar lantarki

Idan taga ta gaza, ku sayi ƙwan LED mai farin haske. Ku duba kwalin, ku nemi lamba 6500K. Kada ku sayi tsohon ƙwai mai zare a ciki, zafinsa ya fi haskensa.

Ku rataye shi a saman bishiya, taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi daga ganye. Ƙwan da yake can a rufin ɗaki bai isa ba, domin idan nisa ya ninka biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne yake isowa. Ku kunna awa 12 zuwa 14, da dare ku kashe, bishiya ma tana buƙatar duhu. Ranar da babu wuta, ku kai ta inuwar baranda. Ku yi gwajin takarda a ƙarƙashin fitilar ma.

Darasi na 5: Alamomi

Reshe siriri mai tsawo, ganye nesa da ganye, sabon ganye babba fiye da na da: haske ya yi kaɗan. Tabo busasshe ruwan ƙasa a ganye: rana ta yi yawa.

Aikin gida: ku gwada wuri uku a ɗakinku, ku rubuta irin inuwar da kuka gani a kowanne. Ku zo da takardar ranar Asabar.